Yadda za ka koya wa mai jin Sifaniyanci Turancin yau da kullum

Ɗalibata ta farko daga Sifaniya ma'aikaciyar jinya ce a Valencia, tana shirin neman aiki a Ailan. A darasinmu na uku ta makara da minti goma, ta buɗe kyamara tana share hanci, ta ce mini: *Sorry, teacher, I am very constipated.* Na yi shiru ina tunanin ko in ba ta shawarar ta riƙa cin gwanda da shan ruwa da yawa. Ashe mura take yi. A Sifaniya wanda mura ta kama shi ne *constipado*, a Turanci kuwa *constipated* shi ne wanda cikinsa ya cushe, bayan gida ya ƙi zuwa. Da na warware mata sai ta rufe fuska da hannu, domin ta tuna ta taɓa faɗa wa wani baƙo mara lafiya haka a wurin aiki.

Tun ranar na gane inda gizo ke saƙa. Manyan kalmomin Turanci garaɓasa ne a wurin mai jin Sifaniyanci: *information*, *university*, *hospital*, *communication*, duk yana da 'yan uwansu a gida. Abin da ke kayar da shi ƙananan kalmomi ne da maganganun da ake yi a kanti da ofis da bakin ƙofa, musamman waɗanda ya ɗauka ya riga ya sani.

Na rubuta wannan don 'yan uwa masu Turanci mai kyau da suka fara koyarwa ta intanet a dandali irin su italki da Preply, da mazauna Sifaniya da maƙwabta ke roƙon su koya wa yaransu, da masu harka a Malabo da Bata, biranen Ikwatoriyal Gini inda ake Sifaniyanci. Kasuwar ba ƙarama ba ce. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a baki, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka da Sifaniya a can sun haura miliyan 62. Ba sai ka iya harshen ba kafin ka fara, amma dole ka san ramukan da ke kan hanyar ɗalibinka.

Mataki na farko: tambayoyi uku kafin ka buɗe littafi

Tambaye shi daga ina yake, wane Turanci yake so, kuma me zai yi da shi. Ɗan Meziko ko ɗan Kolombiya yawanci Amurka yake kallo. Ɗan Madrid kuwa ya fi kusa da Turancin Ingila, domin jarrabawar Cambridge ce ke da farin jini a can. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: *pants* wando ne a Amurka, kamfai ne a Ingila. *Rubber* a Landan magogin fensir ne, a New York kuwa kada yaro ya tambayi malamarsa ita. Wanda ya fito daga Malabo mai yiwuwa yana jin Pichi, wato Turancin buroka na tsibirin Bioko, ɗan uwan Krio na Saliyo, kuma kunnenka na ɗan Najeriya zai kama da yawa daga ciki. Shi matsalarsa daban ce: yana da kalmomin, raba su da Turancin makaranta ne aikin.

Sai ka nemi sanin matakinsa. A Turai ana auna iya harshe da ma'auni mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda Majalisar Turai (*Council of Europe*) ta fitar a 2001. Kusan kowane ɗalibi daga Sifaniya zai gaya maka hawansa kafin ka tambaya, domin da takardar B1 ko B2 ake neman aiki da kammala karatu a jami'o'i da dama. Wanda bai kai B1 ba, kada ka ɗora masa adon magana tukuna. Ka kuma duba agogo: Sifaniya lokaci ɗaya take da Najeriya da Nijar a hunturunsu, ta wuce mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Bogota na bayanmu da awa 6, birnin Meziko da awa 7.

Mataki na biyu: fara wanke naka Turancin

Wannan ba ya yi wa kowa daɗi, amma gara in faɗa. Turancinmu na Najeriya halastacce ne a gidansa, sai dai ɗalibin da ya biya ka kuɗi zai kai abin da ka koya masa Dublin ko Miami. A can *well done* yabo ne bayan an gama aiki mai kyau, ba "sannu da aiki" ba ce. *Off the light*, *next tomorrow*, *go-slow* da nufin cunkoson motoci, *she has taken in* da nufin ta samu ciki, *borrow me your pen*, duk ka ajiye su a ƙofar aji.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne *I'm coming*. Mu muna cewa "ina zuwa" alhali muna fita, har muka kai shi Turanci. Mai Sifaniyanci kuma idan aka ƙwanƙwasa masa ƙofa cewa yake *ya voy*, wato "ina tafiya", sai ya fassara ya ce *I'm going* alhali yana nufo ka. Bature yana cewa *I'm coming* ne kawai idan yana tahowa wurinka, idan zai fita ya dawo kuwa *I'll be right back*. Malami da ɗalibi kowa na da nasa karkacewar, ɗaya hagu ɗaya dama. Duk maganar da kake shakka, duba ta a ƙamusun Cambridge na intanet kafin darasi.

Mataki na uku: kura da fatar akuya

Kalmomin da suka yi kama da na Turanci amma ma'anarsu ta saɓa, masu Sifaniyanci suna kiran su *falsos amigos*, abokan ƙarya. A nan ya kamata ka kashe mafi yawan makonninka na farko.

Ka fara da gaya wa ɗalibi dalilin kamannin, domin wanda ya san dalili ya fi yin hattara. Sifaniyanci ɗan Latin ne kai tsaye. Turanci asalinsa dangin Jamusanci ne, amma bayan da Wiliyam na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na shekaru wajen 300, dubban kalmomin Latin suka kwararo ta wannan ƙofa. Kalma ɗaya ta shiga gida biyu, kowane gida ya yi mata tarbiyyarsa. Mu ma mun san irin wannan. Musulmi sun yi mulki a Andalus, wato a ƙasar Sifaniya, daga 711 zuwa 1492, suka bar wa Sifaniyanci kalmomin Larabci masu yawa. *Azúcar* sukari ne, *hasta* daga "hatta" take. Amma *alcalde*, wadda tushenta ɗaya da "alƙali" namu, a wurinsu magajin gari ce. Duk lokacin da na ba ɗalibi wannan misali sai ya saki jiki, ya ga ba shi kaɗai kalmomi ke yaudara ba.

Kada ka miƙa masa jerin kalma ɗari. Ka kasa su bisa girman ɓarnar da suke yi, ka fara da masu jawo kunya.

*Embarazada* mace ce mai juna biyu, *embarrassed* kuwa wanda ya ji kunya. Tushensu ɗaya, daga ma'anar tarnaƙi ko abin da ya tare hanya, amma ka ga inda kowacce ta dosa. *Molestar* a wurinsu damun mutum ne kawai, irin na yaron da ya hana ka barci, alhali *molest* cin zarafi ne ta hanyar lalata, kalmar da ke kai mutum gaban alƙali. Uwar da ta ce wa malamin makaranta a Amurka wani yaro yana *molesting* 'yarta, tana nufin yana tsokanarta, ta tayar da ƙurar da ba ta yi niyya ba. Ka koya masa *bother* da *annoy* tun makon farko. *Preservativo* kwaroron roba ne, *preservative* kuwa sinadarin da ke hana abinci lalacewa, wanda su ke kira *conservante*.

Kashi na biyu su ne masu ɓata aiki ba tare da kowa ya lura ba, kuma a ganina sun fi haɗari, domin babu wanda zai yi dariya balle a gyara. *Actualmente* "a halin yanzu" ne, *actually* kuwa "a gaskiya" ko "ai ba haka ba ne". Ɗalibin da ya rubuta *actually I work in a bank* yana nufin yanzu a banki yake, amma mai karatu zai ji kamar gardama ake yi da shi. *Asistir* halarta ne, don haka *I assisted the meeting* na nufin ya taimaka wa taron, alhali zama kawai ya yi: *attend* yake nema. *Eventualmente* "wataƙila, idan ta kama" ne, *eventually* kuwa "daga ƙarshe, ko ba daɗe ko ba jima". Ka duba abin da wannan zai haifar a wasiƙar ciniki: shi yana cewa mai yiwuwa ya biya, abokin huldarsa ya karanta cewa tabbas zai biya. *Discutir* yawanci cacar baki ce, *discuss* tattaunawa ce cikin lumana. *Pretender* niyya ce ko ƙoƙari, *pretend* kuwa yin kamar. *Sensible* a wurinsu mai saurin jin abu a rai ne, wato *sensitive*, a Turanci kuwa mai hankali da natsuwa. *Soportar* jurewa ne, saboda haka matar da ta ce *I support my husband* da wannan tunani ta yabi kanta ne a inda take son yin ƙorafi. *Realizar* aiwatarwa ne, *realize* ankara. *Decepción* takaici ne na abin da bai kai yadda aka zata ba, *deception* yaudara.

Na uku su ne na kayan yau da kullum, kuma hoto ya ishe su: *librería* kantin littattafai ne, ɗakin karatu *biblioteca*, *carpeta* jakar takardu ce, ba darduma ba, *éxito* nasara ce, ba ƙofar fita ba, *fábrica* masana'anta ce, ba yadi ba, *ropa* tufafi, ba igiya ba, *sopa* miya, ba sabulu ba, *largo* dogo, ba babba ba, *parientes* dangi baki ɗaya, ba iyaye kawai ba.

Akwai kuma wasu da suka yi shigar Turanci amma ba haka Bature yake faɗinsu ba. *Footing* suke ce wa gudun motsa jiki, *puenting* tsalle daga gada da igiya a ƙafa, *esmoquin* kwat ɗin biki, *parking* wurin ajiye motoci. Ɗalibi zai rantse Turanci ne. Haka mu ma za mu rantse da *flash* na waya.

Yadda nake koyar da kowace: jimla biyu gefe da gefe, dukansu game da rayuwar ɗalibin. Ɗaya da kalmar Turancin a ma'anarta ta gaskiya, ɗaya da kalmar da ya kamata ya yi amfani da ita. *Actually, I'm not from Madrid, I'm from Toledo. Currently I live in Madrid.* Kalma biyar a darasi, kada ka wuce.

Mataki na huɗu: aikatau ɗaya a can, uku a nan

A nan ne Bahaushe ya fi Bature iya koyarwa, domin ramin da ɗalibin ke faɗawa mu ma mun taɓa faɗawa. *Hacer* na Sifaniyanci kamar "yi" namu yake, yana ɗaukar komai. Turanci ya raba shi biyu, *make* da *do*, kuma dokar da ake bayarwa, wai ɗaya na ƙirƙira ɗaya na aiki, rabin hanya take kai mutum. Gara a haddace su da abokan tafiyarsu: *make a mistake*, *make a decision*, *make money*, *do homework*, *do the dishes*, *do me a favour*. Wani lokaci ma ba ɗayansu: su "yin" tambaya suke kamar mu, Bature kuwa *ask a question*, a Sifaniya "yin" hoto ake, Bature *take a photo*.

Haka shekaru. Shi yana cewa *tengo veinte años*, daidai da "ina da shekara ashirin", sai ya ce *I have twenty years*. Yunwa da ƙishi da sanyi da tsoro duk "da su" yake, mu kuma "jin su" muke, Bature kuwa *I am hungry*, *I am cold*, *I am afraid*. Ka haɗa da *I am agree*, wanda za ka ji sau ɗari, daga *estoy de acuerdo*. Daidai shi ne *I agree*.

Sauran da ya kamata ka bi ɗaya bayan ɗaya: *esperar* ya haɗa jira da fata da tsammani, wato *wait*, *hope*, *expect*. *Perder* ya haɗa *lose* na ɓatar da makulli, *miss* na rasa mota, da *waste* na ɓata lokaci, shi ya sa za ka ji *I lost the bus* kamar motar ce ta faɗi daga aljihunsa. *Ganar* ya haɗa *win* na wasa, *earn* na albashi, *gain* na ƙiba ko riba, har da *beat* idan ƙungiya ta doke wata. Masu kallon La Liga, ga dama ta samu: ku sa ɗalibi ya ba ku labarin wasan ƙarshen mako, *we won them* zai fito da kansa, ku gyara zuwa *we beat them*. *Conocer* ya haɗa sani da haɗuwar farko, don haka *I knew my wife in Seville* ya kamata ya zama *I met*. *Decir* kuma ya rabu zuwa *say* da *tell*.

Mataki na biyar: aikatau mai wutsiya

Haka nake kiran irin su *give up*, *put off*, *find out*, *run out of*. Sifaniyanci ba shi da wannan tsari, ɗalibai kuma suna gudunsa kamar annoba. Mafakarsu ita ce kalmar Latin: *tolerate* maimakon *put up with*, *postpone* maimakon *put off*, *extinguish* maimakon *put out*, *discover* maimakon *find out*. Ba kuskure ba ne, kuma a rubutun jarrabawa yana iya zama riba. Amma wanda ya ce wa abokin zamansa *please extinguish your cigarette* ya yi kama da mutumin da ya je sayen tumatir yana magana da Hausar huɗuba. Babbar matsalar ma ita ce ji: shi yana iya kauce musu, mutanen da ke masa magana ba za su kauce ba.

Littattafai da yawa suna jera su bisa aikatau: duk masu *get* a shafi ɗaya, duk masu *take* a wani. Ban ga wanda wannan ya amfana ba, sai ruɗewa. Ka koyar da su ta wutsiyar, kuma ka tuna da harshenka. Mu muna da "ci" da "cinye", "sha" da "shanye", "ɗauka" da "ɗauko" da "ɗauke": ƙarshen kalma ke nuna ko an ƙarasa abin, ko an nufo nan da shi. To *up* sau da yawa aikin "-nye" yake yi: *eat up*, *drink up*, *use up*, *clean up*. *Off* na nuna rabuwa ko yankewa: *take off*, *cut off*, *turn off*, *call off*. *Out* na nuna fita ko ƙarewa ko bayyana: *run out*, *sell out*, *find out*. Ba kullum dokar ke aiki ba, amma ta ba ɗalibi abin riƙewa.

Hanya ta biyu ita ce ta yanayi. Safiya ɗaya ta isa darasi guda: *wake up*, *get up*, *put on*, *set off*, *get on*, *get off*. Sai waya: *pick up*, *hang up*, *call back*, *hold on*, *you're breaking up*. Doka ɗaya ce tilas ya haddace: ƙaramin wakilin suna tsakiya yake shiga, *turn it off*, ba a cewa *turn off it*.

Mataki na shida: adon magana, kashi uku

Wannan ne ɗalibai suka fi so, kuma da gangan na kawo shi a makare. Ka ɗauki takarda ka raba ta uku tare da ɗalibin. Duk salon maganar da kuka haɗu da shi, tambaye shi: ku yaya kuke cewa? Amsarsa ce za ta nuna kashin da zai shiga.

Kashi na farko tagwaye ne, hoto ɗaya ma'ana ɗaya. *Break the ice* shi ne *romper el hielo*. *Throw in the towel* shi ne *tirar la toalla*. *Kill two birds with one stone* a wurinsu da harbi ɗaya ne, mu kuma jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Waɗannan kyauta ne, minti biyu sun isa.

Kashi na biyu ma'ana ɗaya, hoto daban, kuma nan ne daɗin darasi yake. Abu mai ɗan karen tsada yana cin hannu da ƙafar Bature, *cost an arm and a leg*, shi kuwa ido yake cire masa, *un ojo de la cara*. Mai zolaya ƙafa yake ja a Turanci, *pull someone's leg*, a Sifaniyanci gashi yake kamawa, *tomar el pelo*. Abu mai sauƙi yankin kek ne a Turanci, *a piece of cake*, a Sifaniyanci burodin da aka riga aka cinye, *pan comido*. Idan tura ta kai bango, Bature ya ce *the last straw*, shi ya ce ɗigon da ya cika kofi ya zube. Mai kewaye-kewaye yana dukan gefen daji a Turanci, *beat around the bush*, a Sifaniyanci yawo yake a kan rassan bishiya. Abin da ba zai taɓa faruwa ba sai aladu sun tashi sama, *when pigs fly*, ko sai kwaɗi sun tsiro gashi. Idan ana zancen mutum ya shigo, Bature shaiɗan yake ambata, *speak of the devil*, shi sarkin Rum, mu kuwa mun fi su ladabi: ɗan halak, ka ƙi ambato. Ka riƙa ba ɗalibi namu ma. Na lura wanda aka gaya wa "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki" ba ya manta *a bird in the hand*, domin yanzu hoto uku ke riƙe da ma'anar a kansa: tsuntsu biyu a daji, tsuntsu ɗari a sama kamar yadda su ke cewa, da kazarmu.

Kashi na uku tarko ne: hoto ya yi kama, ma'ana ta saɓa. *Estar en las nubes* shi ne wanda hankalinsa ya tafi wani wuri, daidai da *head in the clouds*, amma *on cloud nine* farin ciki ne matuƙa. *Aquí hay gato encerrado*, kyanwar da aka kulle, ita ce "akwai lauje cikin naɗi", Turancinta *there's something fishy*. *Let the cat out of the bag* kuwa fasa ƙwai ne, tona abin da aka ɓoye. Waɗannan ka sa musu jan biro.

Sai gargaɗi biyu. Na ɗaya, wasu sun tsufa. Kowane littafi na ɗauke da *it's raining cats and dogs*, kuma yana da kyau ka nuna masa cewa su da tulu ruwansu ke zuba, *a cántaros*, namu da bakin ƙwarya. Amma mutumin titi *it's pouring* yake cewa. Kafin ka koyar da wani salo, saka shi a shafin intanet na YouGlish ka ji ko mutane na faɗinsa a bidiyo na gaske. Na biyu, ba a taɓa kalma ko ɗaya a cikinsu. *Pull my foot* ba komai ba ne. Saboda haka nake cewa ɗalibi ya fahimci ɗari, ya yi amfani da goma. Goman nan su zama marasa ado, waɗanda ake ji kullum: *it's up to you*, *never mind*, *it rings a bell*, *I'm running late*, *on the same page*, *under the weather*, *keep in touch*, *no big deal*, *fair enough*, *it depends on*.

Mataki na bakwai: maganar da ba abin da ta faɗa take nufi ba

*Buenas noches* gaisuwa ce da sallama duka biyu, don haka ɗalibi zai shiga gidan abinci da dare ya ce *good night*, masu hidima su ɗauka fita zai yi. Shiga *good evening*, fita *good night*. *How are you?* a bakin mai kanti ba neman labari ba ne, kamar "ina gajiya" ce da amsarta "ba gajiya". *I'm good* ko *I'm fine* idan an miƙo maka shayi na nufin "na ƙoshi". *Do you mind if I sit here?* amsar yarda ita ce *no, go ahead*, kuma wannan sai an yi ta maimaitawa kafin ya zauna. *I'm afraid we're closed* ba tsoro a ciki.

A mashayar kofi a Madrid mutum zai ce *ponme un café*, "zuba mini kofi", ba wanda zai ga rashin ladabi. A Landan *give me a coffee* kan sa a ɗaga gira. Ka sa shi ya saba da *could I have* da *please* har su zame masa jiki.

Idan ɗalibinka na harkar kuɗi ne, kada ka bari ya tafi bai san wannan ba: *billón* a Sifaniyanci miliyan sau miliyan ne, *billion* kuwa miliyan dubu, wanda su ke kira *mil millones*. A Sifaniya ana rubuta dubu ɗaya da ɗari biyar 1.500, ɗaya da rabi kuma 1,5, akasin Turanci. Kwanan wata 3/4 a Amurka 4 ga Maris ne.

Mataki na takwas: yadda awa ɗaya ke tafiya

Minti goma na farko bita ne, ba sabon abu. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace a kwanakin farko yake zubewa, sai an dawo masa a kan kari. Manhajar Anki a kan wannan aka gina ta. Ka sa ɗalibi ya rubuta katinsa da kansa, cikakkiyar jimla da gurbi a ciki, *I ___ the bus this morning*, amsa a baya. Katin da ke da kalma a gaba da fassara a baya shi ne ya haifar da matsalar tun farko.

Sai minti ashirin na hira a kan abin da ya faru da shi a makon. Kada ka katse shi. Riƙe biro ka rubuta kuskure biyar mafi nauyi, ka bar sauran. Bayan ya gama, karanta masa jimlarsa yadda ya faɗe ta, ka yi shiru. Sau da yawa shi zai gyara da kansa, kuma wanda ya gyara da bakinsa ya fi zama. Minti ashirin na gaba na sabon abu ne, daga mataki ɗaya kawai cikin waɗanda na lissafa. Goman ƙarshe wasan kwaikwayo: kai ne mai gidan haya, ko fasinjan da jakarsa ta ɓata, ko mara lafiyan da ke ƙorafi, shi kuma dole ya saka sababbin maganganu uku kafin ku rufe.

Idan ya kawo kalmar Sifaniyanci da ba ka sani ba, ku buɗe ƙamusun intanet na WordReference tare, ku karanta ma'anonin duka, ba ta farko kaɗai ba, ku duba ko an rubuta ƙasar da ake faɗin ta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: *coger* a Sifaniya "ɗauka" ne ko "hau mota", ana faɗinsa sau hamsin a rana, a Meziko da Ajantina kuwa batsa ce. Aikin gida kuma saƙon murya ne na minti ɗaya ta WhatsApp, sau uku a mako, a kan abin da ya ci ko wanda ya ɓata masa rai a wurin aiki. Kai ma ka mayar masa da murya, ka maimaita labarinsa da Turancin da ya dace, ka bar shi ya gano wuraren da ka sauya kafin darasi na gaba.